Dornier ɗin da ya faɗa Goodwin Sands a 1940: me ya kayar da shi, me ya ci mutum biyu daga cikin huɗu?

Malam Habu:
Assalamu alaikum jama'a. Ina so mu tattauna a kan jirgin Jamus mai jefa bama-bamai na Yaƙin Duniya na Biyu, ƙirar Dornier Do 17Z, wanda gidan tarihin sojan saman Birtaniya ya tsamo daga teku ranar 10 ga Yuni 2013. Bayanin da aka fi yarda da shi shi ne jirgin na runduna ta 7 ne a cikin KG 3, wato babbar rundunar jiragen Jamus masu jefa bam ta uku, lambarsa ta masana'anta 1160, alamar jikinsa 5K+AR, kuma ya tashi daga St Trond a Beljiyam ranar 26 ga Agusta 1940. A lokacin Jamus ta mayar da ƙarfinta kan filayen jiragen yaƙin Birtaniya, harin ranar kuma ya nufi filayen Debden da Hornchurch. Jirgin ya rabu da ayarinsa a saman gajimare, jiragen yaƙin Birtaniya ƙirar Defiant na runduna ta 264 suka tare shi, injinsa ɗaya ya mutu, ɗayan ya samu rauni, matuƙin ya sauke shi a Goodwin Sands, wani tudun yashi a cikin teku kusa da gaɓar Ingila. Matuƙi Willi Effmert da Hermann Ritzel sun tsira, an kama su fursunonin yaƙi. Helmut Reinhardt da Heinz Huhn sun mutu. Ra'ayina shi ne tun lokacin da ya ɓace wa ayari ya riga ya faɗi, sauran duk cikon zance ne. Ina jiran masu ja.

Injiniya Lawal:
Wa alaikumus salam Malam. Na yarda da rabin maganarka. Rabuwa da ayari babbar masifa ce, kuma lissafin bindiga ya nuna dalili. Bindigar da ke kare Do 17 ita ce MG 15, harsashinta milimita 7.92, gidan harsashinta yana ɗaukar 75 kacal. Tana fitar da kusan 1,000 a minti, wato gidan harsashi ɗaya bai kai daƙiƙa biyar ba ya ƙare. Daga nan maharbi ya cire wanda ya ƙare, ya lalubo wani a jikin bango, ya ɗora, ya ɗana, duk da safar hannu mai kauri, jirgi kuma yana karkata. Kowace bindiga da hannu ake juya ta. A ayari, yayin da wani ke canza gidan harsashi tara ko goma suna harbi, shi ya sa ake tafiya a matse. Jirgi shi kaɗai ba shi da mai rufe masa wannan giɓin.

Ga kuma abin da ya fuskanta. Defiant yana da bindigogin Browning huɗu a cikin hasumiya mai juyawa da ƙarfin inji, kowace da harsashi 600, kowace tana fitar da sama da 1,100 a minti. Idan ka haɗa, a daƙiƙa ɗaya Defiant yana zubar da kusan abin da ke cikin gidan harsashin MG 15 gaba ɗaya.

Inda ban bi ka ba shi ne cewa sauran cikon zance ne. Jirage da yawa sun rabu da ayari sun koma gida. Abin da ya hana wannan komawa inji na biyu ne.

Ɗanjuma:
Yallaɓai Injiniya, kafin a wuce, akwai abin da ke ɗaure wa mutane kai. Defiant jirgi ne da tarihi ya yi wa shaidar gazawa. Ba shi da bindigar gaba ko ɗaya, nauyin hasumiya da mutum na biyu ya rage masa gudu. Runduna ta 264 ta sauko Hornchurch ranar 22 ga Agusta, ranar 24 ta rasa shugabanta Philip Hunter, kafin ƙarshen wata an janye ta arewa saboda asara. A ranar 26 ɗin ma ta rasa Defiant uku. Yaya irin wannan jirgin zai yi wa Dornier wannan ɓarnar?

Injiniya Lawal:
Ƙanena, ai wannan ne aikin da aka ƙera shi dominsa. An zana Defiant ne a kan tunanin cewa masu jefa bam za su zo daga Jamus ba rakiya, saboda nisa. Faɗuwar Faransa a watan Yuni 1940 ita ta rushe lissafin, domin Bf 109, jirgin yaƙin Jamus mai rakiya, ya samu filaye a gefen Calais, a gaɓar Faransa. Idan ya haɗu da 109 ya shiga uku. Idan ya samu mai jefa bam ba rakiya, ko na ɗan lokaci ne, to ya samu abincinsa.

Hasumiyarsa ba ta iya sunkuyar da baki ƙasa sosai, don haka matuƙin yana shigowa ta ƙasa ko ta gefe, ya daidaita gudunsa da na abokin gaba, maharbi ya ɗaga bindigogi ya yi ta zubawa a ciki da injuna. Da yake gudun jiragen biyu ya zo ɗaya, maharbi ba ya buƙatar dogon lissafin inda zai sa baki. Ƙasan Do 17 kuwa bindiga ɗaya ce ke tsaronsa, tana kallon baya da ƙasa ta ƙaramar taga. Wanda ya tsaya ƙasa ta gaban fiffike, wannan bindigar ba ta ganinsa.

Baba Maikano:
Haka ne. Ku ƙara da yadda aka zaunar da mutanen. Jamusawa sun tara ma'aikatan jirgin su huɗu a ɗaki ɗaya a gaba: matuƙi a hagu, mai duba hanya da saita bam a gefensa, mai rediyo yana kallon baya da bindigar sama, na huɗu a ƙasa da bindigar ciki. An yi haka don su ji juna, su taimaki juna, kuma wani ya iya karɓar bindigar wani. Illar ita ce harbi ɗaya mai kyau yana iya samun biyu ko uku a take. Ɗakin kuma kusan rabinsa gilashi ne. Effmert da kansa da rauni ya sauke jirgin, kada a manta da wannan idan an zo hukunta saukar da ya yi.

Malam Habu:
Baba, Allah ya ƙara girma. To ga tambayar da nake so Injiniya ya amsa. Daga Goodwin zuwa gaɓar Faransa bai wuce kilomita 40 ba. Minti goma ne a sama. Me ya hana shi ya daure ya tsallaka?

Injiniya Lawal:
Malam, minti goma ne idan jirgi yana riƙe da tsayinsa. Bari in jera abin da ke faruwa.

Do 17Z yana da injin Bramo 323 guda biyu, kowane silinda tara a jere kamar da'ira, iska ke sanyaya shi, ƙarfin doki kusan 1,000. Irin wannan injin yana da juriya fiye da mai ruwa, domin ba lagireto da za a huda ruwan ya tsiyaye. Amma yana da tankin baƙin mai da bututunsa. Harsashi ya fasa su, matsin mai ya faɗi, cikin 'yan mintuna inji ya cije.

Da inji ɗaya ya mutu, hancin jirgi yana fizga zuwa ɓangaren mataccen. Abu na farko matuƙi ya taka feda ta ɓangaren mai rai da ƙarfi. Na biyu ya rufe mai da wutar mataccen don kada gobara ta tashi. Na uku ya juya ganyen farfelarsa su tsaya da kaifinsu ga iska. Wannan na ukun shi ne rai da mutuwa, domin farfelar da iska ke juyawa tana jan jirgi baya fiye da wadda ta tsaya cik. A farfelar wannan jirgin, ƙirar kamfanin VDM, wutar lantarki ce ke juya ganyen, idan harsashi ya tsinka waya sai dai haƙuri. Na huɗu a zubar da bam da duk abin da ke da nauyi. Hotunan da aka ɗauka da na'urar sauti kafin a tsamo shi sun nuna ɗakin bam a buɗe, abin da ke nuna sun zubar da kayan. Na biyar a ƙara wa mai rai wuta, a gyara saitin wutsiya don ƙafar matuƙi ta huta.

Duk wannan idan na biyun lafiyayye ne. Do 17Z ba jirgi ne mai rarar ƙarfi ba, ko da lafiyarsa idan ya ɗauki cikakken kilo 1,000 na bam nisan da zai je ya dawo bai fi kilomita 330 ba. Inji ɗaya mai rauni ba zai riƙe shi ba, kuma matsa masa wuta yana gaggauta mutuwarsa. Idan gudu ya ragu ƙasa da wani mizani, wutsiya ba ta iya danne fizgar, jirgi ya kife ta ɓangaren mataccen. Saboda haka dole ya sunkuyar da hanci, ya sayar da tsayi ya sayi gudu. Mutum mai rauni yana kallon allurar tsayi tana sauka, ga fili mai kama da tudu a gabansa, ga zurfin teku a tsakaninsa da Calais. Ni ina ganin zaɓin da ya yi shi ne daidai.

Hajiya Rabi:
Injiniya ya yi bayani mai gamsarwa. Sai dai "fili mai kama da tudu" ɗin nan shi ne tarkon. Goodwin Sands yashi ne mai tsawon kusan kilomita 16, kimanin kilomita 10 daga garin Deal a Kent. Idan teku ta janye wani sashe yana fitowa fili har a taka, idan ta dawo ya nutse. Ba shimfiɗaɗɗe ba ne, akwai kwazazzabai da tafkuna a tsakani, kuma daga sama ba a bambance ruwa mai zurfin gwiwa da mai zurfin mita biyar. An ƙiyasta jiragen ruwa sama da 2,000 sun halaka a wurin. A guguwar 1703 kaɗai jiragen yaƙin ruwan Ingila huɗu suka tafi a can, cikinsu har da Stirling Castle. Yashin yana tafiya, ya binne abu shekaru ya sake tone shi. Abin da ya adana Dornier ɗin ke nan, kuma shi ya fito da shi aka gano shi a 2008.

Ɗanjuma:
Hajiya, an same shi a kife, bayansa a ƙasa, tayoyinsa a naɗe a cikin ɗakunansu, a zurfin kusan mita 15. Wannan kifewar a wurin sauka ta faru, ko igiyar ruwa ce ta juya shi daga baya?

Injiniya Lawal:
Bayanin da aka fi bayarwa shi ne bakin fiffike ya taɓa ruwa, jirgin ya juya ya kife. Ya dace da yanayinsa. Ƙa'idar sauka a ruwa ita ce tayoyi a naɗe, fikafikai a daidai, hanci a ɗan ɗage don wutsiya ta fara taɓawa, gudu a mafi ƙanƙanta, a bi tsawon igiyar ruwa kada a tunkare ta. Effmert ya cika ta farko, shaida tana nan. Ta biyu ce mai wuya, domin mai tafiya da inji ɗaya yana ɗan karkata fiffike zuwa ɓangaren mai rai, kuma da ya rage wuta don sauka fizgar ta canza nan take. Faɗin fikafikan mita 18 ne. Karkata kaɗan ta isa baki ɗaya ya riga jiki taɓa ruwa. A gudun sama da kilomita 120 a awa ruwa ba ya da laushi, yana cafke fiffiken, sauran jirgin ya zagaya shi. Sannan ga ƙasan hancin Do 17Z da ya zurfafa don bindigar ciki, ga gilashi a gaba wanda ke fashewa a bugun farko, ruwa ya shigo da ƙarfi, ga injuna biyu masu faɗin fuska suna nitsewa suna ɗaga wutsiya.

Baba Maikano:
A nan ne nake ganin amsar tambayar mutum biyun take, ko da yake harsashi ma yana iya riga ruwa. Matuƙi yana da kujera mai sulke da ɗamarar kafaɗa. Na kusa da shi yana da abin dafawa kuma yana ganin bugun yana zuwa. Mai rediyo bayansa ne ke gaba, ba ya ganin komai. Na ƙasa wurinsa ne ke fara cin ruwa idan bai hauro ba. Idan jirgi ya kife, rufin gilashin da za a cire a fita ya koma ƙasa, ƙofar shiga ta ciki ta koma sama, mutum yana rataye, duhu, ruwan gishiri da fetur a ido. Wanda bugun ya sumar ko na daƙiƙa talatin ne ba zai kwance kansa ba.

Rigar ceton masu jefa bam ta Jamus a lokacin audugar rimi aka cusa mata a cikin dogayen aljihuna. Ba ta buƙatar hurawa, harsashi ya huda ta ba ta sacewa, wannan alherinta ne. Amma tana da kauri wajen fita ta ƙaramar ƙofa, a cikin jirgin da ya kife tana danna mutum sama zuwa inda ba mafita, kuma samfurin farko yana iya kifa sumamme da fuskarsa a ruwa, abin da ya sa aka sake mata fasali daga baya. Kwale-kwalen roba kuma ta saman jirgin yake, jirgi ya kife ya danne shi.

Gawarwakin biyu ba a cikin jirgin suka zauna ba. Teku ta kai Reinhardt gaɓar Holan, yana kwance a maƙabartar sojan Jamus ta Ysselsteyn. Huhn ta fitar da shi a Ingila, yana Cannock Chase, inda aka tattara kusan Jamusawa 5,000 na yaƙe-yaƙen duniya biyu. Huhn shekararsa 21.

Malam Habu:
Na karɓi gyara a kan inji na biyu. Amma ban janye ba gaba ɗaya, domin da yana cikin ayari Defiant ba zai samu sukunin zama a ƙarƙashinsa yana zuba wa injuna biyu wuta ba. Kuma ɓacewar ba sakaci ba ne dole. A saman gajimare mai duba hanya agogo da kamfas da ƙiyasin iska kawai gare shi. Kuskuren iska na kilomita 30 a awa, cikin rabin awa ya kai ka kilomita 15 daga inda kake zato. Idan ayari ya shiga gajimare kowa yana buɗa tazara don gudun karo, a fito a tarar ba kowa.

Wa ya harbo shi kuma? Wannan ba a tabbatar ba. Desmond Hughes da maharbinsa Fred Gash sun yi iƙirarin Dornier biyu a ranar. Edward Thorn da Fred Barker ma sun yi iƙirarin biyu da 109 ɗaya kafin su yi saukar dole. Yana kuma iya zama ɗaya daga cikin ukun da 109 suka kayar jim kaɗan bayan haka. A faɗan da hasumiya da yawa ke harbin jirgi ɗaya, kowane maharbi da gaskiyarsa yake cewa shi ne.

Ɗanjuma:
Malam, akwai masu cewa bai kamata a taɓa shi ba tun farko, kabarin yaƙi ne.

Hajiya Rabi:
Ɗanjuma, wannan ƙorafin yana da nauyi a wasu jiragen, ba a wannan ba. Dokar Birtaniya ta 1986 mai kare ragowar kayan soja ta hana taɓa duk jirgin yaƙin da ya faɗi, na kowace ƙasa, sai da lasisin ma'aikatar tsaro, kuma ba a bayarwa idan ana zaton akwai gawa. A nan an san inda mutum huɗun suka ƙare. Ga kuma dalilin tsamowar: an ƙera Do 17 sama da 2,000, ba ko ɗaya da ya rage cikakke. Finlan ce ta riƙe na ƙarshe, ta rushe shi a 1952. Da yashi ya tone wannan, ruwa mai iskar oksijin ya fara cinsa, ga ragar masunta, ga masu nutso masu ɗebe abin tunawa. Barinsa a can hukuncin kisa ne a hankali.

Aikin kansa bai tafi yadda aka tsara ba. Shirin farko shi ne masu nutso su harhaɗa firam na alminiyon a kewaye da shi a ƙasan teku, a ɗaga firam ɗin ba jirgin ba. A Goodwin ana iya aiki ne kawai a ɗan tsakanin da igiyar ruwa ta lafa, ƙasa da awa ɗaya, kuma ganin gaba kaɗan ne. Iska ta yi ta korar jirgin ruwan aikin zuwa tashar Ramsgate, kuɗi yana ƙarewa, babban tallafin fam 345,000 ne daga asusun adana kayan tarihi na ƙasa. Sai aka bar firam, aka ɗaura igiyoyi a wurare mafi ƙarfi na ƙashin jirgin, aka zura ƙarfen tallafi a cikin gangar jiki, aka ɗaga. Wasu sassa, har da injuna, daban aka fito da su. Tayoyin sun fito da iskarsu bayan shekara 73.

Babban haɗarin yana farawa ne bayan fitowa. Fatar jirgin alminiyon ce da aka gauraya da jan ƙarfe kusan kashi 4 cikin 100 don ƙarfi. Gishirin teku yana shiga ƙananan ramuka da tsakanin faranti inda aka buga ƙusa. Idan aka bari ya bushe, gishirin ya haɗu da iska da laima, ƙarfen ya fara ɓarewa falle-falle kamar albasa, ya koma farin gari. Duk inda baƙin ƙarfe ya taɓa alminiyon a cikin ruwan gishiri, alminiyon ne ke narkewa. Sassan magniziyam su suka fi saurin tafiya. Shi ya sa tun a kan jirgin ruwa ake jiƙa shi, aka raba fikafikai da gangar jiki, aka kai reshen gidan tarihin da ke Cosford a mota, aka sa a rumfunan leda guda biyu ana fesa masa ruwa mai sinadarin tsami irin na lemon tsami, bisa shawarar masana daga Imperial College ta Landan. Ruwan yana tausasa ƙwanso da dattin teku, yana janye gishiri, kuma ba ya cin fentin asali idan an daidaita tsaminsa. Ana tace shi, ana auna gishirin da ke fita, ana kankare datti da abin roba ba na ƙarfe ba. Tsami ya yi yawa ya ci ƙarfe, ya yi kaɗan gansakuka ta toshe bututun feshi. An fi shekara ana wannan.

Injiniya Lawal:
Hajiya ta gama magana a kan ƙarfe. Saura abu ɗaya da ya kamata mu riƙe da kyau: sunan 5K+AR daga takardu aka fitar da shi, wato an duba jerin asarar Jamus, aka duba wane Do 17Z ne ya faɗi a wannan yankin, aka ga wanda ya fi dacewa. Hujja ce mai ƙarfi amma ba yankakkiya ba, domin KG 3 ta rasa fiye da Dornier ɗaya a ranar, kuma wasu sun faɗa ruwan Kent a wasu ranaku. Shi ya sa wasu masu bincike suke ja.

Ɗanjuma:
To me zai yanke gardamar, Yallaɓai?

Injiniya Lawal:
Abu uku, bisa ƙarfinsu. Na farko farantin masana'anta mai ɗauke da 1160, ko lambar da aka rubuta da fenti a cikin wani sashe, domin masu haɗa jirgi sukan rubuta ta a kan murafu da faranti masu cirewa don kada a musanya da na wani. Na biyu haruffan gefen gangar jiki da na ƙarƙashin fiffike. Ko fenti ya tafi, wurin da ya daɗe a rufe yana cin tsatsa daban da kewayensa, kuma fitila mai haske na musamman tana iya nuna inuwar harafin. 5K kaɗai zai tabbatar da KG 3, R ɗin ƙarshe ya nuna runduna ta 7, A ɗin kuma shi ne jirgin kansa. Na uku lambobin injuna, amma su sai an samu takardar da ta ce wane inji aka ɗaura wa wane jirgi, kuma ana canza inji a fili bayan wasu awoyi na tashi, don haka takardar ta zama ta watan Agusta 1940 ba ta ranar da ya bar masana'anta ba. Ramukan harsashi suna taimakawa ta wani ɓangaren: idan masu faɗin inci .303 ne, irin harsashin Birtaniya, kuma sun shiga daga ƙasa suna hawa sama, sun dace da Defiant, idan daga baya suke a miƙe, Hurricane ko Spitfire ne, jiragen yaƙin Birtaniya masu bindigar gaba. Lanƙwasar ganyen farfela ma a duba ta inji da inji, domin wadda ke juyawa da ƙarfi lokacin da ta bugi ruwa duk ganyenta uku ke lanƙwashewa, wadda ta tsaya kuwa na ƙasa kaɗai ke karɓar bugun.